Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya, daga Bakin Daraktan Asibitin Jami'a

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, babban baƙonmu na yau, tare da 'yan rakiyarsa, Shugaban Jami'a da mataimakansa, Magatakarda, Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai, wakilin Mai Girma Hakimi, limamanmu da fastocinmu, abokan aikina likitoci da ma'aikatan jinya da masu shara, 'ya'yanmu ɗalibai maza da mata. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin duk wanda ke aiki a wannan ƙaramin asibiti nake maka maraba lale. Mun san aiki ya yi maka yawa, amma da takardarmu ta iso teburinka ba ka aiko wakili ba, ka taso da kanka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mun sha rubuto rahoto, amma gani ya kori ji, shi ya sa muka roƙa a sanya zagayen ɗakunan kwanan ɗalibai cikin tsarin ziyarar nan kafin a zauna cin abinci.

Ka zo a daidai lokacin da ya fi tayar mana da hankali a shekara. Hunturu ya kau, zafi ya kunno kai, ƙura ba ta gama kwantawa ba. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Arewa ya san wannan ne lokacin sanƙarau. Muna zaune ne a tsakiyar yankin da cutar ta fi kamari a duniya, wanda ya miƙe tun daga Sanagal har Habasha. Manyan da ke cikin wannan zauren ba su manta da 1996 ba, shekarar da mutum sama da 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Na baya-bayan nan kuwa sun ga ta 2017, wadda ta faro daga Zamfara ta ci rayuka sama da 1,000.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a nan bara, a irin wannan wata. Wajen ƙarfe biyun dare abokan ɗaki suka kawo mana wani yaro ɗan aji biyu, riƙe da shi a kan katifa domin ba ya iya tsayuwa. Jikinsa kamar garwashi, wuyansa ya sanƙare, ko hasken fitila ba ya so. Da na tambayi tun yaushe, suka ce kwana uku ke nan yana fama da ciwon kai. Me ya hana shi zuwa? Ya je kemis a bakin ƙofa ya sayi maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ce a bari ya rubuta jarrabawar ranar Laraba tukuna, kada a kwantar da shi ya rasa kwas ɗin sai baɗi. Mun fara masa allura nan take, da asuba muka tura shi babban asibiti. Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma ya dawo makaranta kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma ba zai sake ji ba.

Washegari na je ɗakin da kaina don neman waɗanda suka yi mu'amala da shi. A rajista sunan mutum huɗu ne. Na ƙirga katifu da tabarmi, mutum goma sha ɗaya ke kwana a ciki. Tagogi biyun duk an toshe su da kwali tun lokacin sanyi, ba wanda ya tuna ya cire. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da rana tsaka, numfashi yana yi mini wuya. Ba na ganin laifin yaran nan ko kaɗan. Wanda ya samu gado ya taimaki ɗan garinsu da ba shi da kuɗin haya a waje, wannan halin kirki ne da muka koya musu a gida. Sai dai ƙwayar sanƙarau a maƙogwaro take zama, sau da yawa a jikin wanda bai san yana ɗauke da ita ba, kuma tari da atishawa da numfashi kusa da kusa su ne hanyarta. Ɗaki irin wannan gona ce aka share mata.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ranar shi ne tashar mota. Kafin azahar labari ya zaga, iyaye suna ta bugo waya, yara suna ta haɗa jaka. Da a ce ɗaya daga cikinsu ya riga ya kamu, da ya kai ta har ƙauyensu, inda asibiti mafi kusa tafiyar awa biyu ce. Na gode wa babban limaminmu, wanda ya tashi bayan sallar la'asar ya tunatar da su hadisin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta. Fastocinmu ma sun yi wa nasu magana a daren. Da yawa sun sauke jakunkunansu.

Wannan ya kawo ni ga buƙatarmu ta farko, ranka ya daɗe. Ɗalibanmu da yawa za su ce maka an yi musu rigakafin sanƙarau suna yara, kuma gaskiya suka faɗa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta yi aiki ƙwarai, amma nau'in A kaɗai take karewa, alhali annobar 2017 nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i biyar a tashi ɗaya: A, C, W, X da Y. An yi ta ga 'yan shekara 1 zuwa 29, wato daidai shekarun kusan duk wanda ke kwana a ɗakunanmu. Muna roƙo ka shige mana gaba wajen hukumomin da ke rabon allurar, a riƙa lissafa manyan makarantu cikin wuraren da za a fara kaiwa. Muna da firjin ajiya mai amfani da hasken rana, muna da masu yin allura. Burinmu shi ne ranar da sabon ɗalibi ya zo gwajin lafiya na rajista, ya fita da katin rigakafi a hannunsa. A lokacin wannan gwajin za mu duba har da ta mashaƙo, domin annobar da ta tashi a Kano a ƙarshen 2022 ta nuna mana yawan yaran da ba a taɓa kammala musu allurar ƙuruciya ba, kuma irinsu suna girma su zo jami'a.

Magana ta biyu ita ce ruwa, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ka zo ɓangaren mata da asuba za ka tarar da bokitai a jere tun daga bakin famfo har bayan gini, kowacce ta ajiye nata ta tafi salla. Ranar da babu wuta, babu ruwa. Ranar da babu ruwa, ba a kora banɗaki, sai ka ga yaro mai hankali, mai karatun digiri, ya koma yin bahaya a leda ko a bayan katanga. Ba rashin tarbiyya ba ne, rashin mafita ne. Daga nan sai a koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, ba wanda ya san daga wace rijiya aka ɗebo. Mu kuma mu manna takarda a bango cewa a wanke hannu da sabulu. Da wane ruwan? Idan damina ta sauka, ruwan sama ya kwashe ƙazantar nan ya kai ta rijiyoyi, abin da ke biyo baya kowa ya sani: taifot, atini, da amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Cuta ce da ke iya tsotse ruwan jikin saurayi mai ƙarfi cikin 'yan awoyi. Mun koya wa shugabannin ɗakuna haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma wannan ceto ne bayan ɓarna ta auku. Jami'a na iya ƙoƙarinta wajen neman tallafin TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, don ƙarin gine-gine. Abin da muke nema daga gare ka shi ne ka kai kukanmu ga takwaranka na ma'aikatar ruwa, a samar mana da rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana a kowane ɓangaren kwana, sannan ma'aikatarka ta riƙa ba mu sinadarin kulorin da kayan gwada ruwa.

Sauran cututtukan zan ambace su a taƙaice. Ɗalibi yakan zo da buhun garin kwaki da shinkafa daga gida ya tura ƙarƙashin gado, ɓera ya bi ya yi fitsari a kai, wannan ita ce hanyar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Mun fara matsa wa ɗalibai su riƙa zuba abinci a roba mai murfi. Tarin fuka kuma maganinsa kyauta ne, wata shida ake sha, amma yaro zai yi wata biyu yana tari yana ɓoyewa don kada abokai su guje shi. Muna so a sanya asibitinmu cikin cibiyoyin da ake karɓar majina ana ba da magani, ya zama ba sai ɗalibi ya shiga gari ba.

Buƙata ta ƙarshe ba ta cin kuɗi sosai. Muna son layi kai tsaye tsakaninmu da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma da cibiyar gaggawa ta jiha, wanda za a ɗauka ko da tsakar dare ne, da hanyar kai samfurin jini ko ruwan ƙashin baya ɗakin gwaji a ranar da aka ɗiba. Lambar waya ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232, mun rubuta ta a kowace ƙofa, amma taimakon kusa shi ke riga isowa.

Mu ma akwai namu nauyin, ba za mu ɗora maka komai ba. Mun ware ɗaki mai gado huɗu don killace wanda ake zargi. Mun fara gwada lafiyar masu sayar da abinci kowane zango. Kuma a gabanka nake sake miƙa roƙona ga Shugaban Jami'a da Majalisar Dattawanta: duk ɗalibin da likita ya kwantar ko ya killace, a ba shi damar rama jarrabawarsa a wannan zangon ba tare da wahala ba. Da yaron nan na bara ya san haka, da ya zo mana tun ranar farko, da wataƙila yau yana ji da kunnuwansa biyu.

'Ya'yana ɗalibai, ku nake yi wa wannan maganar a gaban babban baƙo. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, ko taurin wuya, ko gudawa kamar ruwan shinkafa, kada a jira gari ya waye. Ƙofarmu a buɗe take dare da rana. Ku cire kwalayen nan daga tagogi yau ɗin nan.

Ranka ya daɗe, yanzu za mu fara zagayen da ɓangaren maza, har ɗakin da na ba ka labari, sannan mu wuce bakin famfon mata. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya kare mana 'ya'yanmu, ya mayar da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.