Kukan kwamfutata da datar da ta ƙare a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga Damagaram nake magana da ku, wata biyar ke nan da na baro Kano. Kun ji ni shiru sati biyu, to ga dalilin a kan teburin nan.

Kwamfutar nan da ita nake cin abinci, da ita nake haɗa duk bidiyon da kuke kallo. Tun da hunturu ya shigo ta fara gurnani kamar injin niƙa, gindinta ya yi zafin da ba za ka iya ɗora ta a cinya ba. A kwanakin ne kuma intanet ya zama tafiyar hawainiya. Hankalina ya tashi, na ɗauka bairos ne, har na fara shirin goge komai.

Allah ya sa na kai ta wurin wani mai gyara kusa da Kasuwar Dole. Ya kara kunne, ya ce, "Malam baƙo, wannan kukan fanka ne, ka gode wa Allah. Da ƙas-ƙas take yi, da na ce diski ne, ka kwashe ayyukanka tun yau." Ku riƙe wannan bambancin, yana da muhimmanci ƙwarai.

Da ya kwance ta, wallahi sai da na tausaya mata. Ƙura ta dunƙule a bakin ramin iska kamar auduga. Iska ba ta fita, zafi na taruwa, fanka na ta haƙilo, ita kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato processor, in zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Ya danne fankar da yatsa kafin ya hura mata iska, ya ce in ta juya da ƙarfi tana iya lalacewa. Ya goge tsohon man da ke kan ƙwaƙwalwar, mai taimaka mata fitar da zafi, wanda ya bushe ƙayau, ya shafa sabo. Ya kuma hana ni ɗora ta a kan katifa.

Saura intanet. A nan forfe suke ce wa data, sabis kuma rezo, kuma rezo ɗin lafiyarsa lau. Forfe ɗin ne ya ƙare ban sani ba, aka maƙure mini gudu. Na auna, na ga wajen kilobit 128 a daƙiƙa, wato kilobait 16. Ku lissafa: giga ɗaya sai ya ci sama da awa 17!

Wa ya cinye? Na danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager mai nuna abin da kwamfuta ke yi ya buɗe, na duba. Windows ne ke ta sauke sabunta kansa a ɓoye, ga OneDrive, mai ajiye fayiloli a intanet, yana ɗora manyan bidiyoyina sama. Ashe wannan aikin ma na cikin abin da ke ƙara hura fankar. Da ka jona kwamfuta da wayarka, ita gani take intanet ne marar iyaka, ba ta san kuɗi ka cire daga aljihu ba. Wannan ya yi mini ciwo, domin ɗalibai da yawa a garin nan haka sefarsu ke zurarewa.

Ga abin da na yi, ku duba allon. Na shiga saitin Wi-Fi na kunna Metered connection, wanda ke gaya wa kwamfuta cewa datar nan a ƙidaye take. In taku da Faransanci take, Connexion limitée za ku gani. Na dakatar da OneDrive, na mai da YouTube 360p. Manyan abubuwa kuma sai dare, lokacin da na sayi forfe ɗin dare.

Yanzu ku saurara. Shiru, ko? Bari in ɗora muku wannan kafin a ɗauke kuran, wato wutar lantarki.