Wutar lantarki ba bulala ba ce

Masu sauraro, duk sanda babban layin wuta na ƙasa ya faɗi, sai a tada tsohuwar magana: don me Najeriya za ta sayar wa Nijar da Benin da Togo wuta, mu muna kwana cikin duhu? A yanke musu kawai!

To, ai an taɓa yankewa. A watan Agustan 2023, bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum, Najeriya ta katse wutar da take aika wa Nijar, ƙasar da a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan take zuwa. Sai a Maris na 2024 aka mayar. Ku gaya mini, cikin waɗannan watanni, Kano ta samu wuta dare da rana? Sakkwato fa? Wutar da aka hana Yamai ba ta haska mana ko lungu ɗaya ba, domin ciwonmu yana cikin gida: tsofaffin layuka, ƙarancin gas, kamfanonin rarraba wuta da ba su iya ɗaukar abin da aka samar.

Wa ya sha wuya? Mai ƙanƙara a Maraɗi, mai injin niƙa a Damagaram, mai naƙuda a asibiti. Masu mulki kuwa suna da janareta.

Ana cewa ai maƙwabtan nan ba sa biyan kuɗin wuta a kan lokaci. Sai a bi bashi ta hanyar yarjejeniya, wannan magana ce ta ciniki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne amana. A 1999 ECOWAS ta kafa tsarin haɗakar wutar Afirka ta Yamma, mai hedkwata a Kwatano, domin mai rara ya sayar wa mai buƙata. Ana kuma gina babban layi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai har Wagadugu. Wa zai jingina asibitinsa da masana'antarsa a kan layin da za a iya kashewa ranar da shugabanni suka ɓata? Wa? Ciniki ba ya tsayuwa in babu amana, kuma mu muka fara taɓa ta.

Kada mu manta, ruwan da ke juya injinan Kainji ta Yamai yake biyowa kafin ya iso mu. Nijar na gina madatsar Kandaji a kan kogin nan, a jihar Tilaberi. Ranar da ta kammala, makullin ruwa zai koma hannun maƙwabcin da muka taɓa kashe wa fitila.