Darasi: Yadda ake gyara fom ɗin rajista, a gwada shi da mutum 5

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ga fom nan a allo, na rajistar ɗalibai ne a kwas ɗin koyon kwamfuta, irin wanda ake turo wa mutane ta WhatsApp. Na san kun iya haɗa shafi da HTML, ba zan tsaya nan ba. Abin da muke so shi ne mutum ya buɗe a wayarsa, ya cike, ya danna "Tura" ba tare da ya nemi wani ya taya shi ba.

Mu fara ƙirga gurabe. Guda 17 ne, sun yi yawa. Kowane gurbi ku tambayi kanku, wa zai yi aiki da wannan amsa, kuma yaushe? Lambar NIN, idan ba abin da za a yi da ita ranar rajista, a cire. Mutum zai tashi neman takarda, daga nan kuma ba lallai ya dawo ba. Na sauke su zuwa 7, na jera su layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sunan kowane gurbi a samansa. Kada ku rubuta sunan a cikin akwatin da launin toka, domin da an fara rubutu yake ɓacewa, wanda aka kira a waya ya dawo ba zai san me ake tambayarsa ba. Girman rubutu kada ya gaza fiksel 16, in ba haka ba iPhone zai riƙa zuƙo shafin duk lokacin da aka taɓa akwati. Maɓalli kuma tsayin fiksel 48, yadda babban yatsa zai same shi.

To, gurbin suna. A nan zan ɗan daɗe. Fom ɗin ya raba shi gida uku, na farko, na tsakiya, na iyali. Da yawanmu sunanmu ne da na mahaifi kawai, wani ya ƙara da sunan garinsu, sai mutum ya tsaya yana tunanin wanne zai sa a ina. Ni na fi son akwati ɗaya: "Cikakken suna, kamar yadda yake a katin shaida". Ku lura ban ce "sunanka" ba, don mata ma za su cike.

Yanzu ku dubi ƙa'idar da aka ɗora wa akwatin, haruffan A zuwa Z kaɗai yake karɓa. Bari in rubuta Sa'adatu. Kun gani? Ya ƙi, wai suna ba daidai ba ne. Haka zai yi wa Rabi'u da Mas'ud, haka zai yi wa Ɗanladi idan ya sa ɗ mai lanƙwasa. Kuma alamar nan ta hamza iri biyu ce, akwai miƙaƙƙiya, akwai mai lanƙwasa da wasu wayoyi ke sawa da kansu, sai ku ƙyale ɗaya ku manta da ɗayar. Mafi sauƙi ku goge ƙa'idar gaba ɗaya, ku tabbata dai akwatin ba fanko ba ne. Sannan ma'adanar bayananku ta kasance a kan UTF-8, wato tsarin adana rubutu da ke karɓar haruffan harsuna daban-daban, in ba haka ba ƙ da ɗ za su koma alamar tambaya.

Lambar waya. Bari in sa type="number"... a'a, ku dakata, kuskure ne wannan, in goge. Wancan na adadi ne, kamar yawan kujeru. Lambar waya ba lissafi ake yi da ita ba, idan aka adana ta a matsayin adadi sifilin farko faɗuwa yake yi, lamba 11 ta koma 10. Excel ma haka yake cinye shi. Abin da za ku sa shi ne type="tel", sai allon lambobi ya fito a wayar. Wani zai fara da 080, wani da +234, wani zai bar tazara a tsakani. Ku karɓe su duka, ku share tazarar da kanku a bayan fage. Idan kuma kuna da ɗalibai daga Maraɗi ko Damagaram, lambar Nijar lambobi 8 ce bayan +227, kada ku kulle gurbin a kan 11.

Ƙaramar hukuma kada ku zuba 774 a jeri ɗaya. A zaɓi jiha tukuna, idan Kano ce 44 ɗinta su fito. Ranar haihuwa akwati uku, rana, wata, shekara, ba kalandar da sai an yi ta ja baya ba. Kuma a rubuta sunan kowanne, saboda 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Saƙon kuskure ya fito a ƙarƙashin gurbin da ke da matsalar, ya faɗi gyaran: "Lambar ta gaza, 10 aka rubuta". Abin da aka riga aka cike kuma kada ya goge. Da an danna "Tura", maɓallin ya koma "Ana turawa" ya daina amsawa, don idan sabis ya yi rauni mutum zai danna sau uku, ku sami rajista uku.

Duk wannan da na yi hasashe ne har sai an gwada. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum 5 kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma gara a yi zagaye uku na mutum biyar-biyar ana gyara a tsakani da a tara 15 lokaci guda. Ku nemo irin waɗanda za su cike fom ɗin da gaske, ba abokan aikinku ba. Kowa da wayarsa da datarsa, ɗaya bayan ɗaya, minti 15 ya isa. Ku ce masa, "Malam, ba kai muke gwadawa ba, fom ɗin muke gwadawa. Ka yi rajistar kwas na yamma, kana faɗin abin da ke ranka da ƙarfi." Ku ba shi bayanan ƙarya a takarda idan ba ya son sa nasa, kuma ku nemi izini kafin ku naɗi komai.

Daga nan sai ku kama bakinku, nan ne wahalar take. Za ku ga yatsansa na yawo, ranku zai ce ku nuna masa, kada ku yi. Idan ya ce "me zan sa a nan?", ku ce "me kake ganin ake so?" Ku rubuta gurbin da daƙiƙa nawa ya tsaya. A ƙarshe kusan kowa zai ce muku "ai ya yi kyau", kara ce ya yi muku, kada ku rubuta wannan. Abin rubutawa shi ne inda ya goge ya sake, inda ya koma sama, inda ya matso da wayar kusa da ido.

Idan kun gama da biyar ɗin, ku yi tebur, gurabe a gefe, mutane a sama, ku sa alama duk inda aka yi tuntuɓe. Abin da ya hana mutum turawa sam shi ne na farko a gyara ko da mutum ɗaya ya kama, sai wanda ya tsayar da biyu ko fiye. Ku gyara a ranar, ku nemo sababbin mutum 5, domin na farkon sun riga sun san hanya. Na ajiye fom ɗin da teburin a ƙarƙashin bidiyon nan. A darasi na gaba za mu ɗauki gurbin loda hoton fasfo.