Kwana ɗaya a Shafshawan, shuɗin gari a duwatsun Rif

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Kun ga dutsen nan na bayana mai kawuna biyu kamar ƙahon akuya? Daga gare shi garin ya samo suna, domin a harshen Barbar, 'yan asalin yankin nan, "shawan" ƙahoni ke nan. Muna Shafshawan, a arewacin Maroko. Da sassafe na hau bas daga Tetuwan, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai, hanya sai lanƙwasa take yi tana hawa. Gobe da hantsi zan juya, don haka mu shiga ciki tun rana ba ta ɗaga ba.

Ku dubi lungun nan. Bango shuɗi, ƙofa shuɗiya, matakala ma an shafe ta, ga kyanwa kwance a kai tana shan hantsi. Mota ba ta ratsa waɗannan lunguna, ƙafa ce abin hawa, kuma kusan duk inda ka dosa hawa ne. Game da launin, kowa da bayaninsa. Wasu sun ce Yahudawan da suka zauna a garin ne suka kawo shi, wasu sun ce yana korar sauro, wasu kuma sun ce sanyaya gida yake yi. Baƙi sun cika ko'ina, kowa da wayarsa a hannu. Roƙona ɗaya ga mai niyyar zuwa: waɗannan ƙofofi gidajen mutane ne, a nemi izini kafin a ɗauki hoton dattijuwa a bakin ƙofarta.

To, ga mu a dandalin Uta al-Hammam. Wannan jan ginin mai katanga mai kauri shi ne Kasba, kuma a nan garin ya fara. Sharifi Maulaya Ali bin Rashid ne ya kafa shi a 1471, shekarar da 'yan Fotugal suka ƙwace birnin Tanja, domin ya zama sansanin tare su. Na hau hasumiyar, na daɗe a sama ban ce komai ba. Daga nan kana ganin rufin gidaje na jan tayil, mai gangare, irin ginin Andalus. Dalili kuwa shi ne, da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus (Sifaniya ta yau), ta faɗi a 1492, Musulmi da Yahudawa da aka kora daga Sifaniya suka tsallako teku, wasunsu suka hauro dutsen nan suka sake kafa gida. Mutum ya bar gonar kakanninsa da kabarin mahaifinsa, ya zo ya ɗora tubali a gefen dutse, ya yi rufi irin wanda ya baro. Wallahi wannan ya fi shuɗin fentin taɓa min zuciya. 'Yar wanda ya kafa garin ma, Sayyida al-Hurra, ta mulki Tetuwan har zuwa 1542. Ga babban masallaci nan gefe, ku ƙirga kusurwoyin hasumiyarsa, takwas ne.

Na zauna na sha shayin na'a-na'a, na ci gaba.

Wannan ƙarar da kuke ji ruwa ne. Ras al-Ma ake kiran wurin, wato kan ruwa, inda marmaro ke ɓulɓulowa daga gindin dutse. Na tsoma hannu, sanyi ƙarara. Can ƙasa mata ne ke wanke darduma suna shanyawa a kan katanga.

Yanzu la'asar ta yi sakaliya, na kama hanyar tudu. Hawan kusan rabin awa ne, ku yi haƙuri da hakin da nake yi. Farin masallacin can sama Sifaniyawa ne suka gina shi bayan sun shigo garin a 1920, sun janye a 1924, suka dawo a 1926, suka zauna har sai da Maroko ta sami 'yancin kai a 1956.

Alhamdu lillahi, mun iso. Bari in juya muku kyamara. Gari gaba ɗaya ga shi a ƙasa, shuɗi da fari kwance a jikin dutse, rana tana shirin faɗuwa a bayan tsaunuka. Ku saurara, wani ladani ya fara kiran magariba, wani ya karɓa daga wancan ɓangaren, sautin yana hauro mana. Zan kashe kyamara in sauka tun da sauran haske, in samu jam'i.