Abin da ake nema a wurin matuƙi ranar ganawar ɗaukar aiki

Assalamu alaikum. Ina yi wa malamai da ɗalibai barka da zuwa, musamman ƙannena da ke makarantar koyon tuƙin jirgin sama. An ce in yi bayani kan yadda ƙananan kamfanonin jirage na shiyya ke tantance matuƙa kafin su ɗauke su aiki. Zan tsaya a kan tsarin Amurka, domin a can ne wannan rukunin ya fi girma: kamfanoni irin su SkyWest da Republic da Envoy da Endeavor, masu jigilar fasinja daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filaye a madadin manyan kamfanoni, da jirage kamar Embraer 175 mai kujeru 76.

Tsarin da ake bi yau daga masifa ya samo asali. Ranar 12 ga Fabrairu 2009 jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka rasu, ɗaya daga cikinsu yana cikin gidansa da jirgin ya faɗa wa. Gudun jirgin ya ragu, na'ura ta girgiza sitiyari don gargaɗi, sai kyaftin ya ja hancin jirgin sama alhali ƙasa ya kamata ya tura shi. Da masu bincike suka tona, suka tarar ya sha kaye a gwaje-gwajen tuƙi tun kafin a ɗauke shi, kuma bai bayyana su duka a takardar neman aiki ba. A 2010 majalisar ƙasar ta yi doka, daga 2013 kuma aka wajabta wa mataimakin matuƙi ya tara awa 1,500 a sama, bayan a da awa 250 kan isa. An yi sassauci: awa 750 ga wanda ya fito daga soja, 1,000 ga mai digirin fannin jiragen sama daga jami'ar da aka amince da ita.

To, ku lura da wani abu. Matuƙan Colgan duka biyun sun haura awa 1,500. Shi ya sa nake ganin awa ƙofa kawai take buɗe maka. Masu ganawar sun san haka sarai.

Abu na farko da za su karɓa daga hannunka shi ne littafin da kake rubuta tafiye-tafiyenka. Wani kyaftin zai zauna gefe yana buɗa shafi-shafi, yana tara awannin dare da na tuƙi cikin gajimare, yana duba ko lissafin ya yi daidai da abin da ka cika a fom. Sai takardar lafiya ajin farko, sai tambayoyin sana'a. Za a ajiye maka rahoton yanayi a ce karanta, a miƙo taswirar sauka a ce yi mana bayani kamar muna cikin jirgi. Za a iya cewa: kana ƙafa 30,000, an umurce ka ka kai 10,000 a wuri kaza, daga ina za ka fara gangarowa? Ƙafa dubu 20 ne za ka sauke, ka ɗauki 20 ɗin ka ninka sau uku, wato za ka fara tun saura mil 60 na ma'aunin teku. Wannan duk karatu ne, mai himma zai haye.

Wasu kamfanonin kan saka mutum a na'urar kwaikwayon jirgi, sau da yawa ta jirgin da bai taɓa tuƙawa ba. Da gangan ne. Ba sa tsammanin ka ajiye shi lafiya lau kamar ɗan gida. Suna kallon idonka yana zagaya ma'aunai ko ya kafe wuri ɗaya, suna sauraron ko kana faɗa wa abokin aikinka abin da kake shirin yi. Idan ka zo ƙafa 1,000 daga ƙasa gudu ya yi yawa, jirgi bai daidaita ba, wanda ya ce "mun fasa sauka", ya ƙara wuta ya sake zagayowa, ya fi burge su a kan wanda ya matsa ya dire da ƙarfin tsiya. Malami ya gyara maka abu sau ɗaya, yana jira ya ga ko zagaye na biyu ka ɗauka.

Inda nake so mu daɗe shi ne tambayar da kowa ke tsoro: ka taɓa faɗuwa gwajin tuƙi? Ƙanena, in ka taɓa, ka ce ƙwarai, a shekara kaza, a kan abu kaza, ga abin da na yi har na gyara. Kada ka ɗora wa mai jarrabawa, kada ka ɗora wa iska. Tun 1996 doka ta tilasta wa kamfani ya nemi tarihin matuƙi daga wuraren da ya yi aiki, yanzu kuma hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama a Amurka na da rumbun bayanai guda da kowane kamfani ke leƙawa. A 2019 jirgin kaya na Atlas Air ya faɗi kusa da Houston, mutum uku suka rasu, bincike ya nuna mataimakin matuƙin ya ɓoye matsalolin da ya samu wajen horo a kamfanonin baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Matuƙa da yawa sun faɗi gwaji kuma sun samu aiki, amma wanda aka kama ya ɓoye, ko an riga an ba shi kaki sai ya tuɓe. Dalilin a fili yake: wanda ya rufe kuskurensa a ofis zai rufe shi a sama, inda rayukan mutane ke bayansa.

Daga nan sai tambayoyin zama da mutane. Kyaftin ya girme ka da shekara 20, yana neman sauka ƙasa da iyakar da aka gindaya bai hango titin sauka ba, me za ka yi? Wannan tambaya tana da tarihi. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu suka yi karo a ƙasa, mutum 583 suka mutu, injiniyan ɗaya daga cikinsu, jirgin kamfanin KLM na Holland, ya nuna shakku amma kyaftin ya ci gaba da yunƙurin tashi. Amsar da ake so ita ce ka yi magana da ladabi amma a fili, ka maimaita da ƙarfi in bai ji ba, ka ce a fasa sauka. Kunya a nan ba ta da gurbi, haka ma rashin kunya.

Kai ma ka yi naka tambayoyin kafin ka sa hannu. Nawa ne kuɗin da za ka mayar in ka bar aiki kafin wa'adi, a wane gari za a ajiye ka, wata nawa sabo ke yi yana zaman jiran kira, shekara nawa ake ɗauka kafin a zama kyaftin. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa makirufo.