Sharhi: Gadon marayu da hatsarin "a bari yara su girma"

Masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan rabon gado ne, musamman abin da ke samun matan mamaci da marayu tsakanin ranar jana'iza da ranar da za a raba, idan ma an raba ɗin.

A shekarun nan mutuwar magidanta ta yawaita a Jihar Katsina. Bayan ajali na ciwo da haɗarin mota, ta'asar 'yan bindiga a Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ta bar gidaje da dama babu maigida. A irin gidajen nan, da zarar an share makoki, sai wani babba a dangi ya tashi ya ce: "A bari yara su girma tukuna." Magana ce mai daɗin ji, har ta yi kama da tausayi. Amma daga ranar ne mabuɗin rumbu da takardar fili da katin cire kuɗi da wayar mamaci ke komawa aljihun baffan yara, mutumin da sau da yawa ba shi da ko ƙwandala a cikin dukiyar. Mu faɗa a fili: muddin mamaci ya bar ɗa namiji, ko jinjiri ne a goye, wansa da ƙanensa da 'yan'uwansa mata ba su da gado. Haka idan mahaifin mamacin yana raye.

Dalilin da ya sa jinkiri ke cutarwa yana cikin fiƙihun da kansa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, tana da haƙƙin zama a gidan in mallakar mijin ne ko ya riga ya biya haya. Amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar da ya bari. Abincinta daga kasonta zai fito, na yara ma daga nasu. To idan an ƙi fitar da kason, da me za su ci? Nan ne za ka ga uwa ta aika yarinya da kwano wurin baffanta, ta tsaya a bakin zaure tana jiran a auna mata tiya biyu ta gero daga rumbun da ubanta ya cika da guminsa, kuma a haɗa da gori. Wata biyu, wata uku, sai a ɗora wa yarinyar farantin talla, namijin a tura shi almajiranci ba don karatu ba, don a rage baki.

Tsarin kuwa a shimfiɗe yake. Farko a cire kuɗin likkafani da binnewa, daidai gwargwado. Abincin sadakar uku da bakwai da arba'in ba ya ciki. Wanda ya so ya yi daga aljihunsa, domin buhun shinkafar da aka dafa wa masu ta'aziyya daga dukiyar da ba a raba ba, akwai rabon maraya a cikinsa. Na biyu a biya bashi. Na uku a zartar da wasiyya, kada ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma babu wasiyya ga wanda zai ci gado. Abin da ya rage shi ne gado.

A wurin bashi ake fara danne mata, kuma a nan ya kamata masu rabo su natsu. Ragowar sadakin da miji bai cika ba bashi ne. Kuɗin adashin da ta kwasa ta ranta masa ya sayi taki bashi ne. Kafin ma a kai nan, sai an ware abin da ba na mamaci ba ne tun asali: kayan ɗakinta, keken ɗinkinta, awaki da tumakin da take kiwo a bayan gida, da gonar da ta gado daga mahaifinta wadda mijin ke nomawa. Duk waɗannan sukan bi ruwa, don kawai an same su a gidan. Kuma matar tana cikin takaba, ba ta fita, kunya da alhini sun ɗaure mata baki, maza na zaure suna lissafi babu wanda ya leƙo ya tambaye ta. Ya kamata a aika mutum biyu amintattu, ɗaya daga danginta, su zauna da kowace mata su rubuta abin da ta ce nata ne da wanda ta ce tana bi, sannan a nemi shaidu.

Ga misali da lissafi, don mai sauraro ya gwada da na gidansu. Mutum ya rasu, bayan an cire komai an sami naira miliyan 4 da dubu 800. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza 5 da mata 7. Za a kasa dukiyar gida 24, kowane gida naira dubu 200. Matan suna da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, wato gida 3, naira dubu 600, kowace dubu 300. Tumunin guda ɗaya ne suke rabawa, ko su huɗu ne, kuma wadda ba ta haihu ba daidai take da mai 'ya'ya goma, amarya daidai da uwargida. Mahaifiya tana da sudusi, kashi ɗaya cikin shida, wato gida 4, dubu 800. Saura gida 17 na 'ya'ya: kowane namiji dubu 400, kowace mace dubu 200. Da mamacin bai bar ɗa ko ɗiya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, da matan rubu'i, wato kashi ɗaya cikin huɗu, za su raba. Duk wannan yana cikin aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i, kuma ɗalibin da ya sauke littafin fiƙihu na Risala ya san shi.

Lissafin ba shi ne ke da wuya ba. Inda ake cuta shi ne wurin sa wa kadara kuɗi. Gida da gona ba sa yankuwa kamar tsabar kuɗi, sai a ce maza su riƙe ƙasa, a biya mata kuɗi. Sai wanda zai saya ya zama shi ne ya kawo dillalin da zai yi ƙima. Filin da ke bakin titi a gefen birni a sa masa kuɗin gonar daji, a ba ɗiya mace rabin abin da aka riga aka karya, shi ma ba a dunƙule ba, yau dubu ashirin, baɗi dubu talatin, kuɗi na ta zubewar daraja. Maganin wannan shi ne masu ƙima su zama aƙalla biyu, waɗanda ba su da sha'awar saye, a yi a gaban kowane magaji ko wakilinsa, kuma a ba mace zaɓi: ƙasa take so ko kuɗi? Aya ta 7 ta wannan sura ta ce mata suna da rabo a abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa. Ba ta ware gona ba. Maganar cewa mace za ta kai gonar gidan wani ba hujja ba ce, son rai ne.

Akwai kuma ruɗanin da ma'aikata ke faɗawa. Sunan makusanci da mutum ya rubuta a takardar banki ko ta wurin aiki bai mai da wannan makusancin mai dukiya ba. Wakili ne da za a tuntuɓa. Garatuti da abin da ke asusun fansho da na banki duk a tarkata su cikin gado. Bankuna ba sa sakin kuɗin mamaci sai da takardar shaidar mutuwa da takardar kotu, saboda haka wanda ya san lambar sirri ya je wurin mai POS ya kwashe kafin a rufe asusu, ya sani dukiyar marayu ya taɓa, kuma bayanan asusun za su nuna rana da adadi duk lokacin da alƙali ya nema.

Ba kowane jinkiri ne zalunci ba. Idan ɗaya daga cikin matan tana da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Wanda kuma aka sace ko ya ɓace ba a ga gawarsa ba, ba a raba dukiyarsa da zato. Alƙali ne kaɗai zai yi hukunci a kansa, kuma matarsa ita ma wurin alƙali za ta kai kukanta. Amma ko a waɗannan, dakatar da rabo ba ya hana rubuta dukiya. A ƙidaya dammunan da ke rumbu, a rubuta dabbobi da gonaki da iyakokinsu da wanda ke riƙe da jingina, mai unguwa da liman su sa hannu, kowane ɗaki ya riƙe kwafi.

Ƙanƙantar yara kuwa ba dalili ba ce ko kaɗan. Ana raba gado, a san kason kowane yaro da sunansa, sannan a damƙa shi ga wasiyyin da uban ya naɗa, ko wanda alƙali ya zaɓa. Mai riƙon zai ciyar da yaron daga ciki, ya juya dukiyar kada ta ƙare, ya rubuta shiga da fita, ranar da yaron ya balaga aka ga hankalinsa ya miƙa masa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta umarta. Gadon da aka bari a dunƙule shekara ashirin, magada na mutuwa ana samun gado cikin gado, shaidun iyaka sun tafi, wani ya gina, wani ya sayar. Ga kuma hukuncin hauzi: wanda ya ga ana amfani da kadararsa shekaru masu yawa ya yi shiru ba tare da uzuri ba, kotu na iya ƙin sauraron da'awarsa. Tsakanin bare shekara goma ne, tsakanin dangi ya fi haka tsawo, amma kawaicin da ɗiya mace ke yi wa yayyenta yana iya zama abin da za a kafa mata hujja da shi.

Magidanta masu rai ma akwai aikinsu. Jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin akwai baffanninsa, kuma irin waɗannan jikoki sun yi yawa a yankunan da muka ambata. Kakan da ke tausayinsu ya yi masu wasiyya cikin sulusi, ko ya ba su kyauta tun yana da lafiya. Kyautar kuma sai an karɓe ta a hannu take tabbata. Wanda ya ce ya ba jikansa gona amma ya ci gaba da riƙe ta a matsayin tasa har ya rasu, ya bar wa yaron rigima ne, sai dai in shi ne waliyyinsa kuma ya kafa shaidu.

Ga wadda aka hana haƙƙinta, ta fara da manyan dangi da malamin unguwa. In abin ya faskara, Kotun Shari'a ta yankinta tana da hurumi, kuma magaji ɗaya tak ya isa ya nemi a raba, ba sai sauran sun yarda ba. Tana iya wakilta mahaifinta ko ɗan'uwanta in ba ta son tsayawa da kanta. Ta tafi da sunayen magada duka, da jerin kadarori, da shaidu biyu da suka san gidan. Duk kuɗin da aka karɓa a kotu ta nemi rasit. In hukunci bai gamsar da ita ba akwai Babbar Kotun Shari'a, sama da ita akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta ikon duba shari'o'in gado da wasiyya da riƙon marayu. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Masu unguwanni da dagatai kuma muna roƙonsu, duk gidan da aka yi rasuwa a yankinsu, idan takaba ta ƙare su tambaya ko an rubuta dukiyar, kuma a hannun wa takardar take.