Kaburburan Lokoja: darasin tarihi a wajen aji

Wannan garin da kuke gani a mahaɗar kogin Kwara da na Binuwai, Lokoja ke nan. A nan ne, ranar 1 ga Janairu 1900, Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila, ya kafa mulkin mallaka a Arewa. Ɗalibai da yawa sun haddace wannan ranar saboda jarrabawa. Kaɗan ne suka san cewa wasu daga cikin sarakunan da mulkin ya tumɓuke suna kwance a cikin garin nan.

Ga kabarin Sarkin Kano Alu Babba. Ya hau gadon sarauta a lokacin Yaƙin Basasar Kano, Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903 yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato. Aka kama shi, aka kai shi Yola, daga baya aka kawo shi Lokoja, inda ya rasu a 1926. Shekara ashirin da uku ke nan bai sake taka ƙasar Kano ba. Sarkin Zazzau Kwasau ma nan aka kawo shi, haka Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, fasihin marubucin waƙoƙi, wanda ya rasu a 1924. Allah ya jiƙansu.

Malamin da ya tsayar da yara a gaban waɗannan kaburbura, tambaya ɗaya ta ishe shi: me ya kawo Sarkin Kano nan? Daga amsarta za a shiga zancen cin Kano, da naɗin Abbas, wanda Turawa suka ɗora a madadinsa, da dalilin da ya sa Turawa ke nisanta sarki da talakawansa.

Sai a wuce maƙabartun Turawa. Can duwatsu ne ke magana: suna, muƙami, shekarar mutuwa. Akwai sojoji, akwai 'yan mishan, akwai ma'aikatan kamfani. A sa yara su kwafi rubutun, su lissafa shekarun kowa. Za su ga da yawa matasa ne, kuma zazzaɓi ya kashe Turawa masu ɗimbin yawa a wancan zamanin.

Namu kaburburan galibi ba rubutu, tudun ƙasa ne kawai. Tarihinsu yana bakin masu haƙa kabari da dattawan unguwa, kuma abin da ke damuna shi ne dattijo ɗaya in ya rasu, sunaye da yawa sun tafi tare da shi. Don haka a je da littafi da biro, ko a naɗi muryarsa a waya in ya yarda.

Kafin a tafi, a nemi izinin masu kula da wurin. A koya wa yara sallama ga mamata, ba hayaniya, ba taka kabari. Abin da aka jiyo daga bakin dattawa kuma, in an koma aji, a gwada shi da abin da ke cikin littafi, a ga inda suka dace da inda suka saɓa.